Gidajen da Aka Kulle Babu Kowa a Ciki

Ranar ashirin da biyar ga wata Malam Akawu ya tashi kamar yadda ya saba, ya goge farar rigarsa da kansa, domin ya ce uwargidansa tana barin layi biyu a hannun riga, shi kuwa layi ɗaya yake so. Ya sha shayi kofi ɗaya a tsaye, ya share tabaransa, ya ɗaure bakin wandonsa na dama da roba saboda sarƙar keke. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, don haka na san lokacin fitarsa ba sai na dubi agogo ba. Ƙarfe shida da kwata ƙofarsa takan yi ƙara. A wannan safiya ta makara da minti uku, saboda uwargidan ta tare shi a bakin ƙofa.

Ta ce, "Auta ya ce yana son ganinka yau."

"Kullum yana ganina. Wuri ɗaya muke aiki."

"Ya ce gani na musamman."

"To, ya ɓata wani abu ke nan."

"Haba Malam, ƙanina ne fa."

"Shi ya sa na sani," in ji shi, ya tura kekensa waje.

Autan nan da ake magana shekararsa arba'in da uku, yana da 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, amma tun da shi aka haifa ƙarshe a ɗakinsu sunan ya bi shi har wurin aiki. Direba ne a kamfanin bas ɗin da Malam Akawu yake riƙe da jadawalin direbobi.

Malam Akawu ya shiga kamfanin ne shekara talatin da uku da suka wuce, a matsayin mai buga tafireta. Tafireta ta tafi, kwamfuta ta zo, amma yatsunsa ba su sami labari ba. Har yau yana dukan maɓalli kamar yana so harafin ya ratsa takarda uku, kuma allon maɓallai uku ne suka mutu a hannunsa. Mutum ne mai son kowane abu ya zauna inda aka ajiye shi. Ba ya fushi da wuri, ba ya kuma mantawa da wuri.

A kamfanin akwai wani tsari. Ban da hutun mako, kowane direba yana da rana ɗaya a wata wadda zai zaɓa da kansa ya huta. Sharaɗi ɗaya ne: kada fiye da mutum biyu su ɗauki rana guda, in ba haka ba motoci za su tsaya. Direbobi hamsin da biyu ne, gurabe sittin. A lissafi gurabe sun isa har da ragi. A aikace kuwa wata bai taɓa ƙarewa ba a yi faɗa ba.

Da can takarda ake mannawa a bango, a rataye biro da zare. Mutum ya rubuta sunansa da safe, ya dawo da yamma ya tarar an kankare shi da reza an rubuta na wani. Akwai wanda ya riƙa yawo da farin fenti na gyaran rubutu a aljihu kamar turare. Wata rana direbobi biyar suka wuni a gida, kowa yana rantsuwa sunansa ne na farko, na sauran a kansa aka ɗora, fasinjoji suka cika tasha har bakin titi. A taron da aka yi bayan haka wani ya miƙe ya ce ai kowa ya sani, Akawu yana gyara wa ƙanin matarsa. Ba gaskiya ba ne, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya gaya mini sati guda bai ji ɗanɗanon abinci ba.

A shekarar ce kamfani ya biya wa wani ma'aikaci kwas ɗin kwamfuta na sati biyu, zazzaɓi ya kwantar da shi, aka rasa wanda za a tura, aka tura Malam Akawu don kada gurbin ya tafi a banza. Shi ne mafi tsufa a ajin, shi ne kuma kaɗai ya rubuta duk abin da malamin ya faɗa a cikin littafi mai baƙin bango. Daga nan ya dawo da makiro.

Makiro wani jerin umarni ne da mutum yakan rubuta wa kwamfuta, ta riƙa aiwatarwa da kanta duk lokacin da wani abu ya faru a shafi. Nasa gajere ne, bai kai layi goma ba. Ya zana jadawalin wata a shafi mai ƙananan gidaje, ya sa wa shafin kariya da kalmar sirri, ya bar gidaje sittin kawai a buɗe, biyu a gaban kowace rana. Da zarar direba ya rubuta sunansa a gida ya danna maɓallin shigarwa, makiron zai cire kariyar, ya kulle wannan gida, ya mayar da kariyar, duk kafin mutumin ya ɗaga yatsansa. Daga nan babu reza, babu fenti. Wanda ya gwada taɓa gidan sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfuta ya ce masa wurin a kulle yake.

Ranar da ya nuna wa direbobi wannan abu ya tsaya a gabansu ya yi alkawari. Ya ce hannunsa ba zai taɓa buɗe gidan da ya kullu ba, ba zai kuma goge sunan kowa ba, ko da Manaja ne ya roƙa. Shekara huɗu yana riƙe da wannan magana. Ranar ashirin ga kowane wata yakan kai tsohuwar kwamfuta ɗakin hutawar direbobi ya kunna ta, ya fita. Ba ya sake leƙa ɗakin sai ranar ashirin da biyar, don kada a ce ya ga inda babu kowa ya raɗa wa wani. Ƙarfe huɗu na yammacin ranar yakan kai wa Manaja jadawalin a buge. Ƙa'idar Manaja ita ce, idan huɗu ta wuce jadawali bai iso teburinsa ba, shi zai raba ranakun da kansa bisa lambar mota, kowa ya karɓi abin da ya faɗo masa.

Da Malam Akawu ya jingine kekensa a garejin, sai ya tarar da Baba Sannu zaune a kan benci a ƙofar ofis. Baba shi ne mafi daɗewa a cikin direbobi. An laƙaba masa sunan ne saboda babu keken da bai taɓa wuce motarsa ba, amma kuma shekara talatin da ɗaya ko madubi bai taɓa fasawa ba. Bai taɓa zaɓar rana ba. Yakan jira kowa ya gama, ya ɗauki abin da ya rage.

Bayan sun gaisa Baba ya yi ƙasa da murya. Ya ce jiya aka ba iyalinsa rana a asibiti, sha huɗu ga watan gobe, za a cire mata yanar ido. An ce dole ta zo da wanda zai riƙe mata hannu zuwa gida. 'Ya'yansu duk suna nesa.

"Maƙwabciya ta ce za ta raka ta," in ji Baba, "amma ta ƙi. Ta ce idonta a rufe ba za ta bi kowa ba sai wanda ta san ba ya sauri."

"To ai da sauƙi, Baba. Ka je ka rubuta."

"Na je, Malam Akawu. Gida ɗaya da suna a ciki, ɗayan babu kowa. Na taɓa shi, ya ce a kulle yake."

Malam Akawu ya yi murmushin mutumin da ya san kayansa. Ya ce ba mamaki Baba ya taɓa gidan da ke kusa ne. Suka tafi ɗakin tare.

Murmushin bai daɗe ba. A cikin gidaje sittin, sha tara ne kawai ke da suna. Sauran arba'in da ɗaya fari fat, kuma duk wanda ya taɓa sai ɗan akwatin ya fito. Ya cire tabarau ya share, ya mayar. Ya ɗora 'yar kibiyar linzamin kwamfuta a kan gidan ranar sha huɗu, ya dubi dogon layin da ke saman shafi, inda ake ganin ainihin abin da ke cikin gida. A nan ya lura sandar rubutu ba ta tsaya a farkon layi ba, ta ɗan matsa gaba taku ɗaya. Wani ya danna dogon maɓallin nan na ƙasa, mai ba da tazara tsakanin kalmomi, sannan ya danna na shigarwa. Ido bai ga komai ba, amma a wurin makiro an rubuta abu, shi kuwa aikinsa ya kulle.

Yana tsaye a haka sai ga Auta ya shigo yana gyara hula.

"Yaya, ina kwana? Ko Anti ta gaya maka ina nemanka?"

"Ta gaya mini. Kai ne, ko?"

"Ni ne me?"

"Auta."

Auta ya ja shi gefe. Ya ce shi ba da niyya ya fara ba. Ranar ashirin yana shan shayi a gaban kwamfutar, gwiwar hannunsa ta danne dogon maɓallin, ya tsorata ya buga na shigarwa, sai ya ga gidan ya kullu babu suna. Nan take dabara ta faɗo masa. Su direbobi ai sun saba: a layin shan mai mutum yakan ajiye jarka ya tafi, a layin bakanike ya ajiye tsohuwar taya, a bencin abinci ya ajiye hula, ya dawo ya ɗauke abinsa ya shiga wurinsa. Sai ya ce bari ya kama rana uku ko huɗu, ya je ya yi shawara da iyali, ya dawo ya zaɓi ɗaya.

"Da ka dawo fa?"

"Ya ƙi buɗe mini, Yaya. Ni da na ajiye shi! Na gaya masa ni ne, wallahi har sau uku na danna."

"Wa ka gaya wa dabarar?"

"Mutum ɗaya tak. Kuma ya rantse ba zai faɗa ba."

Wanda ya rantse ya gaya wa abokinsa, abokin ya gaya wa nasa. Wanda ya zo ya tarar ranar da yake so ta kullu sai ya yi sauri ya kama wasu biyu kafin a rigaye shi. Kafin kwana uku babu gidan da ya rage. Babu wanda ya kai ƙara, domin kowa yana da hannu a ciki, kuma kowa yana da tabbacin ranar ƙarshe zai raɗa wa Akawu a kunne ya buɗe masa nasa.

Haka kuwa aka yi. Daga ƙarfe bakwai zuwa tara Malam Akawu bai sami zama ba. Kowa ya shigo sai ya gaishe shi da ladabin da bai taɓa ji daga bakinsa ba, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya sunkuyo.

"Malam Akawu, akwai wani ɗan gida a ranar sha huɗu. Nawa ne."

"Da me zan gane naka ne?"

"Ai ni na danna."

"Wanda ya fita yanzu ma haka ya ce."

"Ƙarya yake yi! Shi na ranar sha uku ya danna, ina tsaye a bayansa."

Mutum shida ne suka ce gidan ranar sha huɗu nasu ne, har da Auta, domin a ranar ce za a buga wasan ƙarshe na ƙwallo da rana tsaka. Wani dogon direba ya ce shi sau biyu ya danna maɓallin don a bambanta nasa, a duba za a ga nasa ya fi faɗi. Malam Akawu ya duba. Taku ɗaya ne.

Hayaniyar ta kai kunnen Manaja, ya aika a kira shi.

"Kai kana da kalmar sirri," in ji Manaja. "Buɗe su duka, a wuce wurin."

"Ranka ya daɗe, na yi alkawari a gaban mutane."

"Alkawari a kan gidan da babu kowa a ciki?"

"Ban ware ba lokacin da na yi shi, ranka ya daɗe. Idan na buɗe yau da hannuna, gobe duk wanda ya rasa rana zai ce na buɗe wa wani."

Manaja ya dube shi ta saman tabarau, ya nuna agogon bango. "Ƙarfe huɗu. In ba haka ba, lambar mota."

A kan hanyar komawa Malam Akawu ya yi lissafi a ka. Motar Baba ita ce ta hamsin da ɗaya. Bisa lambar mota, ranar ashirin da shida za ta faɗo masa.

Ya ɗauko littafinsa mai baƙin bango, ya zauna a gaban tsohuwar kwamfutar, direbobi sun yi masa zobe. Ya yi kusan rabin sa'a yana juya shafuka. Can ya ɗago.

"Ku saurara. Na ce hannuna ba zai buɗe gida ba, kuma ba zai buɗe ba. Zan ƙara wa makiro doka ɗaya, wadda za ta hau kan kowa daidai: gidan da babu harafi a cikinsa ba na kowa ba ne. Shi zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya share, ya buɗe. Abin da makiro ya yi, makiro ne ya yi."

Wani ya ce, "Amma ai kai ne ka rubuta makiron."

"Kai ma ai ba kai ka ƙera motar da kake tuƙawa ba, amma in ta take kaza kai ake kamawa," in ji wani daga baya. Aka yi ta musu a kan ko wannan magana tana goyon bayan Akawu ne ko tana kayar da shi, har ya gama rubutunsa ba su daidaita ba.

Ya danna. Fuskar kwamfuta ta yi fari, wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiya. Aka jira minti ɗaya, aka jira biyar. Zoben yana ta juyawa, fankar cikin kwamfutar tana kuka kamar mota a kan tudu.

"Ta cije," in ji dogon direban. "A ɗan tura ta mana."

"Ruwa take so," in ji wani. "Ku ji yadda ta ɗau zafi."

Gumi ya karyo wa Malam Akawu. Ya kashe ta daga bango, abin da ya sha hana mutane yi, ya sake kunnawa. Ya koma littafi. A shafi na talatin da wani abu ya sami abin da ya manta, da rubutun hannunsa, har ya ja masa layi biyu. Shafin jadawali yana da abin da shi yake kira kunne, wanda ke jin duk canjin da aka yi ya tashi makiro. Da makiron ya share gida, kunnen ya ji an yi canji, ya sake tashin makiron. Shi kuma ya ga gida babu harafi ya sake sharewa, kunnen ya sake ji. Haka za su yi ta yi har wuta ta ɗauke. Maganin layi biyu ne: ɗaya a farko mai toshe kunnen kafin a fara shara, ɗaya a ƙarshe mai buɗe shi bayan an gama.

Kafin ya kai nan ƙarfe goma sha ɗaya ta yi, lokacin fitar motocin rana. Direbobi suka fice suna waiwaye. Amma ba su tafi haka nan ba. Da Malam Akawu ya juya, ya ga an jera kaya a kan dogon bencin da ke fuskantar kwamfutar: hula, hula, gorar ruwa, tawul, takalmi ƙafa ɗaya, wata hular. Ta Auta ce a gaba. A can ƙarshen benci Baba Sannu yana zaune da hannuwansa a kan gwiwa, domin motarsa tana wurin bakanike ana gyara birki, sai ƙarfe ɗaya za ta fito.

Malam Akawu ya rubuta layin toshe kunne, ya danna. Wannan karon ko ƙiftawar ido ba a yi ba, gidaje arba'in da ɗaya suka buɗe. Daidai lokacin wayar ofis ta ɗauki ƙara, Manaja yana tambayar inda aka kwana. Ya ruga ya amsa da murya mai ƙarfi cewa komai ya daidaita. Ya dawo yana jin kansa kamar ya rage shekara goma.

Ya sami kwali, ya kwashe hulunan da gorar da takalmin ya zuba a ciki.

"Taso, Baba."

"Akwai mutane a gabana, Malam Akawu."

"Ni ban ga kowa ba. Hula ba ta da yatsa."

Baba ya zauna a gaban allon maɓallai kamar wanda aka ba sabuwar mota. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya yi ta shawagi da shi yana neman harafin farko. Ya same shi, ya duba hagu, ya duba dama, ya danna. Minti huɗu ya ɗauka kafin ya gama sunansa. Ya danna maɓallin shigarwa, ya sauke numfashi, ya yi godiya, ya tafi wurin motarsa.

Daga ƙarfe biyu direbobi suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tono hularsa daga kwali yana ƙunƙuni, ya rubuta sunansa inda ya samu. Babu wanda ya gwada taɓa gidan wani, domin shekara huɗu sun koya musu ɓata lokaci ne. Malam Akawu ya ci abincinsa a natse, ya sa takarda a firinta.

Ƙarfe uku da rabi Auta ya shigo, ya ga sunan Baba a ranar sha huɗu. Ransa ya ɓaci. Kamar yadda mutum yakan shuri ƙofar da ya san a kulle take don ya huce, ya ɗora linzami a kan gidan, ya buga sunansa da ƙarfi, ya danna maɓallin shigarwa, yana jiran ɗan akwatin ya fito ya zage shi. Akwati bai fito ba. Sunan Baba ya ɓace, na Auta ya zauna a wurin.

Ihun da aka yi ne ya fito da Malam Akawu daga ofis. Kallo ɗaya ya yi wa shafin ya gane. Ya rubuta layin farko, waya ta yi ƙara, bai rubuta na biyu ba. Tun ƙarfe goma sha ɗaya kunnen a toshe yake, babu sunan da ya kullu.

"Auta, mayar da sunan Baba."

Auta, wanda da farko ya tsorata, ya fara gyara zama. "Don me, Yaya? Ni na rubuta, kwamfuta ta karɓa. Ba kai ka ce abin da makiro ya yi, makiro ne ya yi ba?"

"Wannan ba yi ya yi ba. Ƙin yi ya yi."

"To ni ina ruwana da ƙinsa? In kana so, ga shi nan a buɗe. Goge da hannunka."

Direbobi fiye da ashirin suna kallon hannun Malam Akawu, shi kuma ya mayar da shi baya ya riƙe da ɗayan. Agogo ya nuna huɗu saura minti ashirin da uku.

"Kuskurena ne," ya ce a hankali.

Auta ya kama kunnensa da yatsu biyu. "Yaya, ƙarar inji ta lalata mini ji. Me ka ce?"

"Na ce kuskurena ne. Na manta layi ɗaya."

"Jama'a, kun ji? A rubuta ranar nan! Shekara ashirin da biyu yana auren yayata, yau ya yi kuskure!"

Aka fashe da dariya, har da tafi. Malam Akawu ya tsaya ya shanye. Da dariyar ta lafa Auta ya share hawaye ya ce, "Amma tsakani da Allah, me Baba zai yi da ranar ƙwallo? Mutumin da ko an saka wasa a ɗakin nan barci yake yi."

Malam Akawu ya so ya ɓoye, domin a asirce Baba ya gaya masa. Sannan ya sunkuya ya faɗa wa Auta a kunne, kamar yadda aka yi ta yi masa tun safe.

Fuskar Auta ta canja. Baba ne ya koya masa yin baya da doguwar mota a shekarar da aka ɗauke shi aiki, kuma matar Baba ce ta yi jinyar uwargidansa a haihuwar fari.

"To me ya sa bai faɗa ba?" ya ce da faɗa, kamar shi aka yi wa laifi. "Mutum ya zauna shiru kamar buhu! Kai ma, Yaya, sai ka bar ni ina ta haushi a gaban mutane. Gyara abinka, ni zan rubuta."

Malam Akawu ya zauna, ya buga layin da ya rage da ƙarfin da ya sa maɓalli ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin benci. Aka ɗauko aka mayar. Ya tashi, Auta ya zauna ya rubuta cikakken sunan Baba, ya danna. Dogon direban ya miƙo hannu ta kan kafaɗarsa ya gwada, don a tabbatar. Ɗan akwatin ya fito. Ba a taɓa yin murnar ganinsa a ɗakin ba sai ranar.

Saura sunaye talatin da ɗaya da aka rubuta kunne yana toshe. Malam Akawu ya sa makiron ya bi su ya kulle, yana kallon agogo da ido ɗaya. Auta ya duba abin da ya rage, ya tarar ranakun tsakiyar mako ne kawai, ya zaɓi wata Talata yana cewa ko kare ba ya hutu ranar Talata. Firinta ta ja takarda biyu a haɗe, aka zare, ta sake ja. Saura minti uku Malam Akawu ya ajiye jadawalin a kan teburin Manaja. Manaja ya dubi takardar, ya dubi agogo, ya sa hannu.

Ƙarfe biyar ake tashi, amma Malam Akawu bai tafi ba. Ya cika takardun hutu hamsin da biyu, ya raba hamsin da ɗaya, ya zauna yana jiran mota ta ƙarshe. Biyar da rabi ta wuce kafin ta shigo garejin a hankali, ta tsaya daidai kan layinta. Baba ya sauko, ya zagaya motar ya duba tayoyi, sannan ya nufo ofis.

"Malam Akawu, ba a dai sami wata matsala ba bayan tafiyata?"

Auta, wanda ya ce ya tsaya ne neman hularsa, ya yi tari daga bakin ƙofa.

"An samu, Baba, amma an gyara," in ji Malam Akawu. "A gaida mai jiki."

Ya jawo takardar ƙarshe, ya duba kwanan watan sau biyu, ya hura wa hatimi iska, ya buga shi a kan sha huɗu.